Kujerar da Ba Ta da Taga

"Talatin da ɗaya A ba ta da taga," in ji Inna, ta tura wa ma'aikaciyar da ke tantance fasinja katin shiga jirgi.

Yarinyar ta kalli kwamfuta, ta kalli dattijuwar. "Mama, jirgin aka canja, shi ya sa kujerarki ta canja. Amma A ai gefen taga ne."

"Gefen taga ne, amma bango ne a wurin. 'Yar nan, na san jirgin nan ciki da bai."

Ran Inna ya ɓaci matuƙa. Wata biyu ke nan da ta tasa ɗanta a gaba, ta hana shi sakat, har ya zaɓar mata goma sha biyu A. Ta ce kada ya kai ta kan fiffike, ƙarfe kawai za ta gani. Kada ya kai ta baya, ƙofar banɗaki ba ta hutawa. Za ta je ganin jikar da 'yarta ta haifa a wata ƙasa, hanyar kuma ta kan teku take, ita kuwa ta ƙudura sai ta ga tekun nan daga sama da idonta.

A layin bayanta wani ya ja tsaki. "Manyan matafiyan nan dai, iyayi ya yi musu yawa."

Inna ta karɓi katinta.

A ƙofar jirgi wata ma'aikaciya ta washe baki. "Lah, Inna! Yau ke ce a nan?"

"Ni ce. Don Allah ki nemo min taga."

Ma'aikaciyar ta zaga ta dawo tana ba da haƙuri. Jirgi ya cika maƙil, ko kujera ɗaya babu.

Talatin da ɗaya A kuwa bango ce, fari fat, kamar yadda ta faɗa. Inna ta zauna, ta zaro wata takardar alewa da aka cusa a aljihun kujera, ta girgiza kai. Taga mafi kusa tana layin gabanta, kuma wani ƙaton mutum mai kwat, wanda ya ja tsaki a layi ɗazu, ya mallake ta.

Da jirgi ya tashi, ta cusa fuska tsakanin kujerarsa da bango tana leƙe. Kunnen mutumin ta gani, da gefen matashin da ya jingina. Kafin ta gyara wuya ya ja murfin tagar ƙasa, garam.

Ta taɓa kafaɗarsa. "Ɗana, ko za mu yi musanya? Ka ga kai barci za ka yi."

"Ni na zaɓi wurina, Mama."

"To ɗaga murfin kaɗan mana."

"Haske yana damuna." Ya rufe ido da ƙyalle.

Awa shida! Matuƙi ya yi sanarwa cewa waɗanda ke hagu su duba, ga teku, ga tsibirai. Inna tana hagu, tana duban bango. Mutumin yana ta minshari, goshinsa manne da murfin. Sau biyu ta miƙa hannu za ta ɗaga, sau biyu kunya ta dawo da shi. Abincin da aka kawo ma kasa ci ta yi don takaici.

Da aka zo sauka aka sa kowa ya buɗe taga. Ta sake cusa fuska. Hazo ne fari, babu sama babu ƙasa, har tayoyi suka daki kwalta.

Mutumin ya miƙe yana miƙa, ya gan ta tana share ido da bakin mayafi.

"Haba Mama, a kan taga? Ke da kika haddace jirgi, me ya rage ba ki gani ba?"

Yana matsawa ta sunkuya ta leƙa. Kwalta ce, da motar kaya, da mata huɗu sanye da riguna masu ƙyalli, riƙe da tsintsiya da tsumma, suna jiran fasinja su fita.

Shekara goma sha tara Inna ta yi a cikin irin wannan rigar tana goge tagogin jirage, kuma yau ce rana ta farko da jirgi ya tashi tana ciki.