Layi Arba'in na Malam Ashafa

A rana ta uku da kama aiki Zubair ya gano wurin. Layi arba'in ne a ƙasan wani fayil, an rubuta a samansu da manyan baƙi: KAR A TAƁA.

Ƙungiyar manoman rani ta Zobe ce ta ɗauko shi ya gyara mata shafinta na intanet. Mutum ɗari tara ke karɓa-karɓar injinan ban-ruwa goma sha biyu. Kowa zai buɗe shafin a wayarsa, ya ga ranarsa, ya danna maɓalli ya tabbatar. Wanda bai danna ba, injin ya wuce gonar gaba.

Shekara tara Malam Ashafa, mutumin Kurfi, tsohon malamin lissafi, yana riƙe da shafin. Shi ya koya wa kansa rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, kuma aikin ya nuna. Faci a kan faci, abu ɗaya an rubuta shi sau biyar. Zubair kuwa bai daɗe da dawowa daga Kaduna da digirinsa ba, duk fayil ɗin da ya buɗe sai ya yi tsaki.

Layukan arba'in ɗin nan suka fi ba shi haushi. Idan mai lamba 214 ya shiga, sai shafin ya canza masa shi kaɗai. Allo ya yi baƙi, rubutu ya koma rawaya ɓaro-ɓaro, maɓalli ya cinye rabin fuskar waya, wata murya ta faɗi ranar. Shafin lambobi kawai ya sani. Sunaye na cikin littafin sakatare, Zubair bai ga dalilin zuwa dubawa ba.

A taron shugabanni a ofishinsu na Dutsin-Ma ya haska layukan a bango. Ya ce ga irin aikin da ake yi musu: mutum ɗaya an ware shi kamar sarki, sauran ɗari takwas da casa'in da tara suna fama da shafi mai nauyi. Shugaba ya juya ya tambayi Malam Ashafa ko wane ne wannan.

"Amana ce, Alhaji," ya ce.

Aka yi ta ƙus-ƙus. Wani ya ce ƙila surukinsa ne. Kafin la'asar an gode wa Malam Ashafa, an ce ya je ya huta. Ya naɗe sallayarsa, ya ɗauki butarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi Zubair, sannan ya fita.

Ranar Juma'a Zubair ya leƙa gida, ƙauyensu da ke gefen dam ɗin Zobe. Ya tarar da mahaifinsa, Malam Dalhatu, zaune a zaure. Sai da ya yi sallama ta biyu tsohon ya ce, "Au, Zubairu ne?" Babur ɗin tsohon ba ya nan, ya ce ya ba ƙaninsa, hawa ya ishe shi. Zubair ya miƙa masa waya ya ga sabon fasalin shafin. Tsohon ya riƙe ta jim kaɗan, ya ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya tambayi lafiyar Malam Ashafa. Da ya ji an sallame shi, sai ya mayar wa Zubair wayarsa.

Wata guda Zubair ya yi yana rushewa yana ginawa. Ya haɗe abin da aka maimaita, ya sauya sunaye, ya zubar da abin da ba a amfani da shi. Layi dubu sha ɗaya suka dawo dubu huɗu. Layukan arba'in ya bari a ƙarshe, ya goge su da dannawa ɗaya, ya miƙe ya yi miƙa.

Sabon shafin ya fita fari tas, rubutu siriri, yana buɗewa kafin ƙiftawar ido. Shugabanni suka yaba.

A bayanan da shafin ke tarawa ya ga 214 na shigowa kullum da safe. Yakan danna inda babu komai, sau goma, sau ashirin, sannan ya fita. Ranarsa ta wuce, ta biyu ma ta wuce. Zubair ya yi murmushi. Ɗan gata ya ji yadda kowa ke ji.

A waya mahaifin Zubair ya ce masa bana tumatir bai yi ba, ya ƙone tun yana fure. Zafi ne, in ji shi.

Da lokacin sabunta rajistar shafin ya yi, sai aka ga kalmar sirrin tana wajen Malam Ashafa. Dole Zubair ya hau mota zuwa Kurfi. Ya same shi a ƙofar gida yana duba littattafan 'yan makarantar unguwa. Ba gardama ya rubuta masa kalmar a takarda, har ya sa aka kawo masa ruwa.

Zubair ya tashi zai tafi, amma zancen mai lamba 214 ya ci gaba da cin sa.

"Malam, mutumin naka fa har yau bai iya danna maɓalli ba. Sau biyu ruwa na wuce shi."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Malam Ashafa.

"Ka goge?"

"Tuni."

Malam Ashafa ya cire tabarau, ya goge fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, muryarsa ba faɗa a ciki.

"Shekara biyu ke nan Malam Dalhatu ba ya ganin komai sai inuwa, Zubairu. Ya haɗa ni da Allah kar in faɗa maka, don kar ka bar karatu ka dawo gona."