Lanƙwasar Sunan Ubana

Kwamfuta ta hana gonata ruwa ranar Laraba. Tun da aka kafa sabuwar doka, famfon gona ba ya buɗewa sai mai gona ya rubuta sunansa a kwamfutar gidansa. Na rubuta Ilu Maiƙasa. Ta fito da jan rubutu, ta ƙame. Na kashe, na kunna, ba ta canza ba. Albasata tana can tana yaushi.

Na sa kwamfutar a buhu, na kai shagon Tanimu mai gyara. Ya danna nan, ya danna can, ya yi dariya.

"Baba, ba abin da ya same ta. Sabon tsarin ne ba ya gane harafin tsakiyar sunanka. Da ya iso kansa sai ya tsaya. Ka sa k kawai, yanzu ruwa ya zo."

"Karanta mini yadda zai koma."

"Maikasa."

"Ubana da gatari ya sare dajin nan, shi ya sa aka ce masa Maiƙasa. Kai kuma kana so in rubuta da hannuna cewa ya kasa?"

"Duk garin nan an cire lanƙwasar, Baba. Ba wanda ya yi korafi."

Korafi ya ce, ba ƙorafi ba. Har a bakinsa sun cire ta, bai ma sani ba.

Na miƙe. Ya ce, "Baba, albasar fa? Ba za ta kai jibi ba."

Na ce, "Ta bushe. Ba zan cire ba."