Jar Jitar Ayuba

Ayuba na goge jitarsa da tsumma sa'ad da Baba Timothy, sakataren cocinsu na Ƙofar Kaura, ya leƙo ya ce masa gobe Lahadi ya sa kaya masu kyau. Bai faɗi dalili ba. Murmushi kawai ya yi, irin na dattijon da ya ƙunsa magana, kuma tun daga nan gaban Ayuba ya fara faɗuwa.

Jitar dai ba abar a zo a gani ba ce. Ja ce, ta lantarki, wadda ta fi kowace arha a shagon Malam Habibu mai kayan sauti a Ƙofar Guga. Fentinta ya soma ɓarewa, kuma da zafin Katsina ya taso sai tsirkiyoyinta su saki. Makaɗan wasu coci-coci sun sha yi mata dariya a bayan idonsa, wasu ma a gabansa.

Bara, bayan ya tashi daga jinyar haɗarin babur, ya koma shagon ya ce a ba shi wata irinta sak.

"Malam Ayuba, waccan ɗin ta lalace ne?" in ji Malam Habibu.

"Lafiyarta ƙalau. Arhar ce ta ja ni."

Abin mamaki, tun daga lokacin kiɗan ya canza. Ya yi laushi, ya yi zaƙi, har tsofaffin da suka ce jita kayan shashanci ce suka koma share hawaye a lokacin sujada. Aka ce Allah ya taɓa hannun Ayuba a gadon asibiti. Shi kuwa kowa ya yaba sai ya ce jitar ce mai kyau, tsada daban, murya daban. Ya yi ta faɗa har samari suka yi ta sayen irinta, amma ba wanda ya fitar da wannan sautin.

Kiɗan nan shi ne rufin asirinsa. Ɗakuna biyu na cikin harabar coci na mai kaɗa jita ne, haka dattawa suka tsara tun asali, kuma a ciki yake da matarsa Hannatu da 'ya'yansu uku. Aikin kafinta ya bar shi tun haɗarin. Ga Elijah, ƙanin fasto, wanda ya iya jita daidai gwargwado, haya kuma ta ishe shi. Duk ranar da kiɗan Ayuba ya gaza, ba sai an tambayi wa zai karɓi makulli ba.

Hannatu ma ba ta huta ba. Matan zumunta na coci sun gaji da ƙorafin ba ta zama cikinsu ranar Lahadi. Kullum tana ɗan ɗakin na'urar sauti da ke bayan bagadi, ƙofa a rufe. 'Yar makaɗi ce daga Kagoro, ta san kan wayoyi, mijinta kuma bai yarda kowa ya taɓa su ba sai ita.

Ranar Lahadi coci ya cika maƙil. Bayan wa'azi Baba Timothy ya karɓi makirfo ya kira Ayuba gaba. Ba a karrama magidanci shi kaɗai a cocin nan, don haka aka aika a fito da Hannatu. Ta zo tana gyara ɗankwali, aka yi guɗa, aka tsayar da ita a damansa.

Sai ga dogon kwali. Baba Timothy ya ce kunya ta ishi dattawa, mutum mai baiwa irin wannan yana fama da jitar wasan yara. Ya buɗe: baƙa ce wul, tana sheƙi, daga Legas aka kawo ta. Har da 'yar lasifikarta, an riga an jona.

"Ɗana, kaɗa mana mu ji."

Ayuba ya dubi ƙofa, mutane ne tsaye har waje. Ya dubi taga, ƙarfe ne. Zufa ta jiƙa masa sabuwar riga, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar haɗarin.

"Baba, na gode, Allah ya saka," ya ce. "Amma hannuna bai saba da ita ba. A ba ni mako guda."

Fasto ya yi dariya, ya ce ya ji, ba a raba mutum da tsohuwar abokiya da ƙarfi. To, a yi mata ban kwana. A kaɗa waƙar godiya da ita yanzu, sabuwar ta jira mako mai zuwa. Jama'a suka tafa. Aka rufe kwalin, aka ɗora wa Hannatu a hannu. Ta yi yunƙurin wucewa da shi ciki, sai matar fasto ta riƙo zanenta.

"Ina za ki, Maman Peace? Yau ranarku ce, tsaya kusa da mijinki."

Aka rataya wa Ayuba jar jitarsa. Mai ganga ya buga, mawaƙa suka ja numfashi suna jiran shigar jita. Ayuba ya ɗora hannun hagu a kan tsirkiyoyi kamar yadda yake yi kowace Lahadi. Ganga ta zagayo, ba a ji komai ba. Ta sake zagayowa. Elijah ya sunkuya ya bi wayar jitar da ido, ya ga ta shige ƙarƙashin labule ta tsaya nan, ba a jone da komai ba.

Yatsun hagun Ayuba ba su ƙara danna tsirkiya ba tun ranar da babur ya kayar da shi. Jita ta biyu tana can jingine a ɗakin na'ura, mai kaɗa ta kuwa ga ta tsaye a damansa, rungume da kwalin kyauta, hawaye na zubo mata.