Jar Fitila a Hanyar Gida

Tunda ka ce mota za ka saya, kuma ƙarama kake so saboda tsadar mai, ban hana ka ba, amma ara mini kunnenka tukuna. An yi wani mai haɗa magani a wani asibiti a birni, wanda tsohuwar motarsa ta kusa cinye shi da rai, don duk abin da ya samo a cikinta yake ƙarewa. Da ya gaji ya rabu da ita, ya je wurin dillalai ya zaɓi wata 'yar mitsitsiya, irin wadda in dogo ya shiga sai gwiwarsa ta gaisa da haɓarsa. Dillalin ya dafa ta ya ce, "Yallaɓai, wannan ba shan mai take yi ba, sansana shi take yi." Abokan aiki suka yi ta yi masa tsiya, wai ya sayo kwanon awo ya sa masa taya. Ko a jikinsa, domin motar ta cika alkawari. Ɗan abin da ya zuba mata ranar Asabar shi zai kai shi wata Asabar ɗin, tsakanin gida da asibiti da kasuwa.

To, ɗan Adam in abu ya yi masa sauƙi sai ya nemi ganin iyakarsa. Mutumin nan ya gano cewa ko jar fitilar nan ta kama, mai gargaɗin cewa mai ya kusa ƙarewa, motar takan ƙara kwana biyu tana yawo da shi. Daga nan ya daina cika tanki. Ya koma auna mata mai kamar yadda yake auna wa jarirai maganin tari, cokali-cokali, har yana nuna wa mutane fitilar yana dariya. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, a birni kowace kwana da gidan mai.

Wata rana a tsakiyar bazara, da hantsi, ƙaninsa ya kira shi daga ƙauye. "Yaya, Inna ta cika. Liman ya ce saboda zafin nan ba za a wuce azahar ba. Don Allah ka yi sauri." Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Kafin ya ɗauko matarsa, ya biya ya kwashi ƙannensa mata biyu, a cusa buhun shinkafa saboda masu zuwa gaisuwa, rana ta take tsaka. Sai da ya murza makulli ya tuna cewa tun jiya fitilar take ja. Gidan mai na farko layi ya fito har bakin titi. Ya dubi layin, ya dubi agogo, ya ce akwai wani a gaba. Na gaban kuwa, a garin da ake sauka daga kwalta, igiya suka tarar an ɗaure a ƙofa, ba kowa sai awaki a inuwa. Sai ya lallashi zuciyarsa da lissafin kwana biyun nan. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, shi kaɗai motar ta saba ɗauka, a kan kwalta, a hankali. Yau mutum huɗu ne da buhu, ga yashi yana riƙe taya, ga ƙafarsa ta danne totur har ƙasa. Ba ka jin komai sai salatin matan ƙasa-ƙasa da kukan inji. Shi kuwa ido ɗaya a hanya, ido ɗaya a allurar mai da ta kwanta. Motar ta yi tari sau ɗaya, ya ce, "Ya Allah." Ta sake yi, ta ɗan zabura, sannan ta mutu a tsakiyar gonaki, inda ko rumfa babu.

Ya murza makulli har batir ya soma ja da baya. Babu babur, babu amalanke, kowa na yankin yana wurin jana'izar. Sai ya bar matan a gindin wata ƙirya, ya tattare rigarsa ya kama gudu da takalmin ofis, mutumin da rabonsa da gudu tun yana makaranta. Waya tana ta ruri a aljihu. Ya ɗaga yana haki, ƙanin ya ce an idar da sallar azahar, an fito da gawar, mutane sun yi sahu. "Ku ba ni minti goma!" in ji shi, alhali ko rimin bakin gari bai hango ba. Suka ba shi goman, suka ƙara masa goma, amma gawa ba ta jiran kowa a irin wannan rana.

Da ya iso bakin gari, maƙogwaro a bushe, ƙafa duk ta yi ƙuna, sai ya ci karo da jama'a suna dawowa daga maƙabarta. Mutum biyu a gaba suna ɗauke da makara, ba komai a kanta sai tabarma a naɗe. Ƙaninsa ya fito daga cikin mutane ya riƙe hannunsa, tafinsa duk ɗanyar laka, ya ce, "Mun jira, Yaya." Nan ya durƙushe a kan hanya ya yi kuka kamar yaro. Uwa ɗaya gare shi, kuma bai ga fuskarta ba, bai sallace ta ba, bai sa hannu a kabarinta ba.

Motar ba ta ci amanarsa ba, abin da aka ba ta shi ta yi aiki da shi. Saboda haka ka sayi taka, Allah ya sa alheri, amma ka riƙe maganar mutanen da: ba a fafe gora ranar tafiya.