Fiton Motar Tanimu

Tun da aka hana ɗan Adam riƙe sitiyari, motocin Zariya ke tuƙa kansu, shiru kamar masu zaman makoki. Tawa sabuwa ce dal. Shi kuwa maƙwabcina Tanimu wata akwala mai injin turbo ya jawo daga gidan kakansa, kullum yana ƙarƙashinta yana gyara, baƙin mai har gwiwar hannu.

Yau da safe ta tashi. Ta yi gurnani, sannan ta saki wani siririn fito.

Babana tsohon direba ne. Na yi roƙon duniya ya shiga motata, ya ce shi ba kaya ba ne. Sai ga shi ya fito ko hula babu.

"Tanimu, ɗan taka mata in ji!"

"Baba, ai ku za ku taka. Ga makulli."

Rabona da ganin wannan dariyar a fuskar Baba har na manta, kuma ba ni na samo masa ita ba. 

Motata ta yi magana a hankali: "Na ga mutum yana tuƙi. In kai rahoto?"

Na bi su da kallo har suka sha kwana. Na ce, "Bari Baba ya sauka tukuna."