Kalmar da ta busar da lambun albasa

Kai da kake cewa tsoffin kalmomi ba su da sauran amfani, saurari abin da ya sami wani mai lambu. Mutumin nan yana noman albasa a gefen fadama, amma ba ya kaiwa ga rafi sai ya ratsa ta gonar maƙwabcinsa. Tun zamanin Turawa kakansa ya karɓi takarda kan wannan hanya, ana ta gadonta a naɗe cikin fata. Ran nan maƙwabcin ya wayi gari ya datse hanyar da ƙaya. Mai lambu ya ɗauki takardarsa ya nufi wurin dagaci, hankalinsa kwance. Dagaci ba ya jin Turanci, sai ya aika a kira wani mutumin garin mai digiri, wanda ko gaisuwa sai ya sirka da Turanci. Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya karanta cewa mai ita zai wuce zuwa ruwa "without let". Ya ce ai magana a fili take: "let" bari ne, "without" babu, wato ba a bar shi ya wuce ba. Ko ƙiftawa bai yi ba, balle ya ce bari in bincika. Dagaci ya yanke hukunci, ƙaya ta zauna. Mai lambu ya koma gida yana zargin kakansa da ke kabari, wai ya bar musu takardar banza suna ta ɓoyo kamar laya. Yana ji yana gani ganyen albasarsa ya yi rawaya, ya kwanta, ƙasa ta tsattsage.

Bayan sati shida ya je birni neman aikin dako, ya sauka gidan wani tsohon akawun kotu da ya daɗe da yin ritaya. Cikin hira ya nuna masa takardar. Tsohon ya gyara tabarau, ya jawo wani ƙamus da gara ta cinye bangonsa, ya bi layi da farce. Ashe a tsohon Turanci akwai "let" mai nufin hanawa, kishiyar wadda aka sani yau. Abin da takardar ke cewa shi ne ya wuce, ba mai tare shi. Gaskiyarsa a rubuce, a hannunsa, aka juya ta aka yanka shi da ita! Mai lambu ya koma gari da wannan bayani, dagaci ya sa aka cire ƙayar, amma ruwa ba ya tayar da albasar da ta mutu. Da ya tari mai digiri a bakin kasuwa, me kake zato ya ce? Ya ɗaga kafaɗa, wai ba a koya musu wannan a makaranta ba. Ko "yi haƙuri" bai iya furtawa ba. Da jahili aka miƙa wa takardar nan, da ya ce ban sani ba, a nemi wani, da lambu ya tsira. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.