Sai-Haƙuri Ya Kawo Albishir

Kai da ka ce kunnenka ya gaji, kullum sai labarin mutuwa da ɓarna, gyara zama ka ji wani misali.

Tun kafin waya ta shiga aljihun kowa, an yi wani manomi a wani ƙauye wanda shi kaɗai ke da keke. Keken nan kuwa shi ya jawo masa. Duk ranar da aka yi rasuwa, kafin a gama ɗumama ruwan wanka an ce a kira mai keke ya je ya sanar da dangi a garuruwan maƙwabta. Shi kuma mutum ne mai kunya, bai iya cewa a'a ba. A kwana a tashi sai ganinsa ya zama abin fargaba. Ko gishiri ya shiga gari saye, mata su saki taɓarya su kama salati, maza su tare shi da "Wa aka rasa kuma?" Har suna aka laƙaba masa, Sai-Haƙuri, don ita ce maganar da ta fi fita daga bakinsa. Duk wannan bai ƙona masa rai ba kamar abin da ya faru a gidan yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, take aure a hayin rafi. Ciwo ya kwantar da ita, ya tafi dubiya. Tana jin ƙararrawar kekensa a ƙofar gida sai ta sume, ta zaci wani nata ne ya tafi. Mijinta ya ja shi zaure, ya roƙe shi cikin mutunci ya riƙa aiko gaisuwa daga nesa, don zuciyarta ba za ta ɗauki ganinsa ba. Ya koma gida yana tura keken da hannu, hawaye sun hana shi ganin hanya. Matar da ta tauna ta ba shi a baki, yau ita ke tsoron zuwansa.

Sai ya ƙudura ba zai sake taka gidan ba sai da albishir a bakinsa, wanda zai rangaɗa tun daga waje kafin a ga fuskarsa. To, a ina zai samo? A saninsa albishir haihuwa ce ko dawowar alhaji, ga shi babu mai tsohon ciki a dangi, aikin hajji kuma da saura. Ya yi ta zaga gari kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Wata safiya bayan an tafka ruwa ya isa mashigin rafi, ya tarar da wani mai jaki tsamo-tsamo cikin laka yana jera duwatsu a inda ruwa ya kwashe. Shekara da shekaru yana bi ta kan duwatsun nan, bai taɓa tambayar wa ke jera su ba, ya ɗauka can Allah Ya ajiye su. Ashe bawan Allahn nan ne, kowace damina, babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa ce masa sannu. Daga nan idon mai keke ya buɗe. Da ya kasa kunne a bakin rijiya, sai ya ji ashe tsohuwar ungozomar garinsu ta ratsa ruwa iya ƙirji ta je rugar Fulani ta karɓi haihuwa, uwa da ɗa lafiya lau, ta dawo ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi kamar ba ita ba. Ya kuma bi diddigi har ya gano wanda ya nome gonar maƙerin da kurkunu ya kwantar. Maƙwabcin maƙerin ne na gona, wanda bara suka kusa ba hammata iska a kan iyaka. Mai keke ya ji alfahari ya cika masa ƙirji. Da irin waɗannan mutane yake kwana yake tashi, shi yana can yana yawo da sunayen matattu!

Ranar kasuwa ya haye rafi, bai taɓa ƙararrawa ba. Ya tsaya a bayan danga, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, albishirinki!" Can sai ga wata siririyar murya daga ɗaki, "Goro, Auta." Ya ce fari ko ja, ta ce fari tas. Mijin da kansa ya fito ya riƙe masa keke. Ya zauna a bakin gadonta ya kwashe labarin mai jaki da ungozoma da maƙwabcin maƙeri ya faɗa mata, bai ƙara gishiri ko kaɗan ba, don miyar ba ta bukata. Tana ji tana gyaɗa kai, har ta dafa bango ta tashi zaune, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da ya gama sai ta harare shi ta ce, "To, ku kaɗai ke da mutane? Ka dawo kasuwa mai zuwa ka ji na wannan hayin, ka ga in mai jakinku zai kama ƙafarsu." Ya fito da goro a aljihu yana dariya shi kaɗai, mai gidan na bin sa da "Sai mun gan ka, kada ka makara."

Mai jaki da ungozoma sun daɗe suna abinsu a garin nan, amma sai ranar da ya fita da niyyar ganinsu ya gan su. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai nema yana tare da samu.